Fashin baƙi: Me ya sa 'yan sama jannati ke shawagi alhali ƙasa ba ta sake su ba?

Ranar 18 ga Maris 2025 kumbon kamfanin SpaceX ya sauka a teku daura da gaɓar Florida ta Amurka, aka fito da 'yan sama jannatin Amurka Suni Williams da Butch Wilmore aka ɗora su a gadon turawa kamar majinyata. Da niyyar yin kwana takwas suka tafi Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, matsalar kumbon da ya kai su ta sa suka yi kwana 286. Hotunan sun zaga ko'ina, kuma bayanin da ya biyo su iri ɗaya ne a bakin kowa: wai can sama babu maganaɗisun ƙasa, shi ya sa mutum ke yawo a iska har ƙafafunsa su manta da tafiya.

Rabin maganar gaskiya ne, domin jiki yana raunana. Amma dalilin da aka bayar kuskure ne. In da ƙasa ta daina jan abin da ke can, me zai hana tashar ta miƙe ta ɓace? Me ke riƙe da wata, wanda ya fi ta nisa kusan sau dubu?

Tashar ba ta yi wani nisa ba

Tsakanin tashar da doron ƙasa kilomita 400 ne da 'yan kai, kwatankwacin tafiyar mota daga Kano zuwa Abuja. Daga tsakiyar duniya zuwa inda muke tsaye kuwa kilomita 6,371 ne. Ƙarfin jan ƙasa yana raguwa ne gwargwadon nisa daga wannan tsakiya: in nisan ya ninku biyu, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninku uku, ya koma ɗaya cikin tara. Ƙarin kilomita 400 a kan 6,371 bai taka kara ya karya ba. A doron ƙasa abin da aka saki yana ƙara gudu da mita 9.8 a kowane sakan. A tsayin tashar adadin yana kusan 8.7, wato ragin kusan kashi 11 ne cikin ɗari.

Da za a gina hasumiya mai tsawon kilomita 400, mutum mai kilo 70 ya hau ƙololuwarta ya taka sikeli, zai ga kusan kilo 62. Ba zai tashi sama ba, kuma in ya zame zai faɗo kamar yadda ake faɗowa daga bishiya.

Ita kanta kalmar maganaɗisu tana ƙara ruɗa mutane. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan itace ko ruwa, kuma ana iya kāre abu daga gare shi. Jan ƙasa bai bar komai ba, dutse da auduga da hayaƙi duk yana jan su, kuma babu bangon da ke tare shi.

Abu uku muke kira nauyi

A Hausa kalma ɗaya ke ɗauke da ma'ana uku, kuma sai an rarrabe su sannan lamarin ke fitowa fili. Na farko yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake lissafawa da kilo. Buhun masara mai kilo 100 kilonsa ɗari ne a Dawanau, ɗari ne a duniyar wata. Na biyu jan da ƙasa ke yi wa wannan jiki. Na uku shi ne abin da muke ji a jikinmu, kuma nan ne ruɗanin yake.

Jiki ba ya jin jan ƙasa kai tsaye, saboda jan yana kama kowace ƙwayar jiki daidai wa daida. Abin da kake ji yanzu a zaune shi ne kujera tana tokare ka, ta hana ka faɗuwa. Tafin ƙafa yana jin daɓe, gwiwa tana ɗauke da abin da ke samanta, kayan ciki suna rataye. Wannan tokarewa da matsewa muke kira nauyi, kuma ita sikeli ke aunawa. A janye abin da ya tokare ka, jan ƙasa na nan daram, amma jin nauyin ya tafi. Duk wanda ya taɓa dirowa daga katanga, ko mota ta haye tudu da shi a guje cikinsa ya yi wani irin sanyi, ya ɗanɗana abin da 'yan sama jannati ke ciki na rabin sakan. Su dai nasu ba ya ƙarewa.

Faɗuwar da ba ta kaiwa ƙasa

Isaac Newton ne ya fara warware wannan da wani misali. A ɗora igwa a kan dutse mai tsawon gaske, sama da inda iska take, a harba dalma a miƙe. Za ta yi gaba tana lanƙwasowa har ta faɗi. A ƙara albarushi, ta faɗi can gaba. Amma duniya a dunƙule take, bayanta yana lanƙwasawa ƙasa shi ma. Akwai gudun da in dalmar ta kai shi, gwargwadon yadda take faɗuwa, gwargwadon yadda ƙasa ke zamewa daga ƙarƙashinta. Tana ta faɗuwa, ba ta isa, har ta zagayo ta dawo bayan igwar.

Lissafin ba shi da wuya. Abin da aka saki a kusa da doron ƙasa yana faɗuwa mita 4.9 a sakan na farko. Bayan duniya kuma yana lanƙwasawa da kusan mita 5 a kowane kilomita 8. Ke nan mai gudun kusan kilomita 8 a sakan ɗaya, a gicciye, ba zai taɓa ƙasa ba muddin iska ba ta tare shi ba. A tsayin tashar gudun da ake bukata kilomita 7.66 ne a sakan, kusan kilomita 27,600 a awa. A cikin kowane sakan tashar tana faɗowa mita 4.3, ƙasa kuma tana kauce mata da mita 4.3. Nisan Kano zuwa Abuja ba ya ɗaukar ta minti guda. Tana zagaye duniya cikin minti 92 zuwa 93, kusan sau 16 a rana. Wannan hanya ita ake kira falaki, kuma babu injin da ke kunne don riƙe tashar a kanta.

Wata ma haka yake. Yana nisan kilomita 384,400, kusan ninki 60 na nisanmu daga tsakiyar duniya, don haka jan da ke kansa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na namu. Yana faɗowa milimita ɗaya da ɗigo a kowane sakan, yana gudun kilomita ɗaya a gicciye, sai ya kammala zagaye cikin kwana 27 da 'yan awoyi.

Don me mutum ba ya buguwa da daɓen tashar?

Tashar ta haura tan 400, mutumin da ke cikinta bai kai kilo ɗari ba. Hankali zai ce mai nauyi ya riga marar nauyi faɗuwa. Galileo ya nuna ba haka ba ne tun ƙarni huɗu da suka wuce: in babu iska, komai da gudu ɗaya yake faɗuwa. Ƙasa tana jan babban abu da ƙarfi fiye da ƙarami, amma babban abu ya fi wuyar motsawa da daidai wannan gwargwado, sai su tashi kunnen doki. A watan Agusta 1971 David Scott na tawagar Apollo 15 ya tsaya a duniyar wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu tare, suka taɓa ƙasa lokaci ɗaya. Tauraron ɗan'adam na Faransa mai suna MICROSCOPE, da aka harba a 2016, ya gwada ƙarafa iri biyu suna faɗuwa a falaki, sakamakon da aka fitar a 2022 bai ga bambanci ba har zuwa kashi ɗaya cikin tiriliyan dubu.

To tashar na faɗuwa, mutum na faɗuwa, cokalinsa da ɗigon ruwansa na faɗuwa, duk da gudu ɗaya. Babu wanda ya tokare wani. Sikelin da aka sa a ƙarƙashin ƙafarsa shi ma yana gudun ƙafar, sai ya nuna sifili. Wannan tunani ne ya zo wa Albert Einstein a 1907, cewa mai faɗuwa ba ya jin nauyinsa, kuma a kansa ya gina sabon bayaninsa na jan duniyoyi.

Ana iya ganin abin a tsakar gida. A sami robar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a huda ta da ƙusa a gefe, kamar yatsa biyu daga gindi. A toshe hudar da yatsa, a cika ta da ruwa, a bar bakin a buɗe. Da an ɗauke yatsa ruwa zai tsarto, saboda ruwan sama yana danne na ƙasa. Sai a hau wuri mai ɗan tsawo a saki robar a tsaye. Tana barin hannu tsartuwar za ta tsaya cak, har sai ta bugi ƙasa. Daga mita biyu faɗuwar kusan kashi shida ce cikin goma na sakan, don haka gara a ɗauka da waya a sassauta gudun bidiyon. In an rufe murfin gam ruwan ba zai tsarto da kyau ba tun farko, in kuma robar ta wuntsila a iska gwajin ya ɓaci.

Hawa sama daban, shiga falaki daban

A watan Afrilu 2025 an yi ta yaɗa hotunan mata shida, ciki har da mawaƙiya Katy Perry, suna shawagi a kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin. Sun haura kilomita 100, inda jan ƙasa ke nan da kusan kashi 97 cikin ɗari. Shawagin nasu ya fara ne lokacin da injin ya mutu, kumbon ya zama kamar dutsen da aka cilla sama, yana hawa da ragowar gudunsa sannan ya juyo. Minti uku zuwa huɗu ke nan, tafiyar duka kuma ba ta kai minti goma sha biyu ba. A lura, ko a lokacin da kumbon ke kan hawa suna shawagi. A wurin masana, duk abin da jan ƙasa kaɗai ke sarrafa shi faɗuwa yake yi, ko da sama ya nufa.

Abin da ya raba su da tashar gudun gicciye ne, kuma a nan tsadar take. Ƙarfin da ake bukata don ba kilo ɗaya gudun falaki ya ninka wanda ake bukata don ɗaga shi kilomita 400 kusan sau takwas. Shi ya sa roka ba ta daɗewa a tsaye: da ta fita daga iska mai kauri sai ta kwanta, ta ƙarar da yawancin manta wajen neman gudu. Cikin minti tara ake isa falaki, mutanen ciki suna jin nauyinsu ya ninka har sau uku, injin na mutuwa kuma komai ya tashi.

A nan ƙasa ma ana samar da yanayin. Kamfanin Novespace da ke Bordeaux a Faransa yana da jirgin Airbus A310 da ke ɗagawa sama a tsaye-tsaye, fasinja na jin nauyinsa ya kusa ninkawa biyu, sai matuƙa su rage wuta su bar jirgin ya bi hanyar jifa. Ana samun sakan 22 na shawagi, a maimaita sau 31 a tashi ɗaya. A Bremen ta Jamus akwai hasumiya mai mita 146 da ake zuƙe iskar cikinta a saki akwatin gwaji, ya faɗi na sakan 4.7, ko 9.3 in an cilla shi daga ƙasa. Ɗakin da ake danna maɓalli jan ƙasa ya ɗauke, wanda ake yawan cewa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, na da shi, babu shi. Abin da take da shi a Houston babban kududdufi ne mai zurfin mita 12, kuma wanda ke ciki yana jin nauyinsa sarai a cikin rigarsa, in aka kifa shi jini ya taru masa a ka.

Bai kai sifili cif ba

Masana sun fi son cewa ragowar nauyi, domin akwai ɗan abin da ke saura, kamar kashi ɗaya cikin miliyan na wanda muka saba. Ɓangaren tashar da ya fi kusa da ƙasa ana jan sa fiye da na sama da ɗan kaɗan. Fankoki da famfuna da motsin mutane suna girgiza ta. Sannan akwai ragowar iska, siririya ƙwarai, da ke goga mata birki, har takan yi asarar tsawon kusan kilomita biyu a wata, ko fiye in rana ta tsananta aiki ta kumbura iskar sama. Don haka lokaci-lokaci ake kunna injin kumbon dakon kaya na Rasha mai suna Progress a tura ta. Muddin injin na aiki, mutanen ciki sukan ga suna sulalewa a hankali zuwa bayan tashar.

Wannan gogar iska ba abin wasa ba ce. A watan Fabrairu 2022 aka harba taurarin ɗan'adam na Starlink 49 zuwa ƙasa-ƙasa, guguwar rana ta kumbura iskar wurin, 38 suka faɗo suka ƙone. Wani abin da ke ɗaure kai shi ne, birkin iska yana ƙara wa tauraro gudu: yana sauko da shi, falakin ƙasa kuma ya fi na sama sauri. Irin wannan juyin ne ya rikita James McDivitt a kumbon Gemini 4 a 1965. Ya nufi ragowar rokarsa ya ba da wuta, sai ya ga tana ƙara nisa, domin wutar ta ɗaga shi zuwa falaki mai jinkiri. Mai son cim ma abin da ke gabansa a falaki sai ya sauko ƙasa tukuna.

Dawowa gida ma haka take. Ba a juya hanci ƙasa a taho. Ana kunna inji a saɓanin tafiya a rage kamar mita 100 zuwa 130 a sakan, ƙasa da kashi biyu cikin ɗari na gudun, sai hanyar ta ratso cikin iska, iskar ta cinye sauran ta mayar da shi zafi.

Abubuwan da ke rikicewa

Iska mai zafi ba ta tashi, tunda babu sama babu ƙasa. Harshen kyandir yakan zama ɗan ƙwallo shuɗi marar haske sosai. Iskar da mai barci ke fitarwa takan taru a fuskarsa in babu fanka, ya farka da ciwon kai, shi ya sa fankokin tashar ba sa hutawa. Ruwa ba ya zuba, mannewa yake yi ya bazu. Ranar 16 ga Yuli 2013 ruwa kusan lita ɗaya da rabi ya yoyo cikin hular Luca Parmitano ɗan Italiya yana aiki a wajen tashar, ya rufe masa ido da hanci da kunne, da ƙyar ya lalubo hanyar komawa. Man roka ma yawo yake a tanki, sai an ɗan tura kumbon da ƙananan injuna ya kwanta a bakin bututu kafin a tayar da babban.

Kilo kuwa yana nan. Akwati mai kilo 300 ana iya tura shi da yatsa, amma in ya taho, tsayar da shi sai da ƙarfi, kuma zai iya murƙushe hannu a jikin bango. Awon jikin 'yan sama jannati ma da wannan ake yi: na'ura ta ja mutum da ƙarfin da aka sani, a ga saurin da ya ɗauka.

Da likitan ƙashi ɗan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi tashar a watan Oktoba 2007, cikin azumi, sai da malaman ƙasarsa suka rubuta jagora kan yadda zai yi ibada a inda goshi ba ya zama a ƙasa kuma rana ke fitowa sau 16. Sun ce ya bi lokutan wurin da aka harba shi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko, ya yi salla yadda jiki ya samu dama ko da da ishara ne.

Abin da ya sa aka ɗauko su a gado

A cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi kamar yashi da ke kwanciya su gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne ƙasa. A falaki ba sa kwanciya, ido na faɗin abu ɗaya kunne na faɗin wani, sai jiri da amai su kama fiye da rabin masu zuwa a kwanakin farko. Ruwan jiki kusan lita biyu yana barin ƙafafu ya hau ƙirji da kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, ƙafa ta tsotse. Jiki ya ɗauka ruwa ya yi yawa sai ya rage jini. Wasu idonsu kan canja, bayan ƙwayar idon ya ɗan baje. Ƙashin baya yana miƙewa, mutum ya ƙara tsawo har santimita biyar, ya koma yadda yake bayan dawowa.

Mafi muni shi ne ƙashi. Ƙashin ƙugu da cinya da gadon baya suna rasa kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari a kowane wata, sinadarin kalsiyam da ke zubewa kuma yana iya zama tsakuwar ƙoda. Maganin da ake da shi motsa jiki ne na kusan awa biyu kullum: gudu a kan na'ura an ɗaure mutum da majanyi mai roba don ya dannu, tuƙa keke marar sirdi, da wata na'urar da ke maye gurbin ɗaga ƙarfe, mai iya ba da turjiya har ta kilo 270. Duk da haka, wanda ya sauko bayan watanni jininsa kan zubo ƙafa in ya miƙe, kansa ya juya. Ɗora shi a gado ƙa'idar aiki ce ga kowa, ba alamar ya nakasa ba. Valeri Polyakov na Rasha ya yi kwana 437 a tashar Mir daga 1994 zuwa 1995, kuma ya taka da ƙafarsa 'yan taku bayan saukarsa.

A takarda akwai mafita ta dindindin: a juya kumbon kamar majajjawa, bango ya riƙa tokare mutane. Matsalar girma ce. Don a samu nauyi irin na duniya da juyi biyu kacal a minti, yadda kai ba zai juya ba, sai hannun majajjawar ya kai mita 224. Har yau ba a gina irinsa ba.

Inda abin ya taɓa mu

Dish ɗin da ke kafe a saman rufi yana kallon wuri ɗaya shekara da shekaru saboda wannan lissafi. A tsayin kilomita 35,786 saman layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, jan ƙasa ya ragu zuwa kusan kashi biyu cikin ɗari, gudun falaki kilomita uku ne da ɗigo a sakan, zagaye ɗaya kuma yana ɗaukar daidai lokacin da duniya ke juyawa sau ɗaya. Tauraron yana faɗuwa, muna juyawa tare da shi, sai ya zama kamar an kafa shi. A can NigComSat-1R na Najeriya yake, wanda aka harba daga Sin a watan Disamba 2011.

Ita kuwa tashar, hanyarta ta karkata da digiri 51.6, don haka tana ratsa saman Kano da Zinder da Tamale da Garwa. Ana ganin ta da ido bayan magariba ko kafin fitowar rana, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma hasken rana na dukan ta a can sama. Fara ce tas, ta fi taurari haske, ba ta ƙiftawa kamar fitilar jirgi, kuma takan ƙetare sama cikin minti huɗu zuwa shida. Wani lokaci takan dushe a tsakiyar tafiya ta ɓace, wato ta shiga inuwar duniya. Akwai manhajojin waya da ke faɗin ranar da za ta wuce saman garinka da kusurwar da za ta ɓullo.